Filin Lafiyar Dabbobi: "Malamin dabbobi yace zuciyar magen Iya tana tsallake"

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon na ɗan ajiye tambayoyin kiwon raguna da na kaji gefe guda, masu su kuyi min haƙuri zuwa mako mai zuwa in Allah ya kai mu, saboda saƙonni uku ne suka taru a kan kyanwa kuma duka ukun a kan zuciya suke, na farkon ma ya hana ni sukuni tun ranar da na karanta shi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya ibada. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a yankin Ringim, jihar Jigawa. Surukata da muke kira Iya tana da wata mage fara, shekararta zata kai tara ko goma don tun kafin a kawo ni gidan take nan, ita ke tsare mana rumbu daga ɓera kuma ɗaki ɗaya suke kwana da Iya. Toh tun bayan girbi muka ga ta daina farauta, kullum tana kwance a gindin randa, ta rame, kuma sau biyu tana cikin tafiya a tsakar gida sai kawai ta yanke jiki ta faɗi ta miƙe ƙafafu kamar ta mutu, kafin mu ɗebo ruwa har ta tashi tana kallonmu kamar ba ita ba. Wasu sunce iska ce wasu sunce farfaɗiya. Ranar da malamin dabbobi yazo yiwa awaki allurar rigakafi na roƙe shi ya duba ta, yasa abin sauraron ƙirji ya daɗe yana ji sannan yace zuciyarta bata bugawa daidai, tana gudu sai ta tsallake, amma yace shi shanu da awaki yafi sani. Iya tana shan maganin hawan jini tace ko a gutsura a ba magen, ni dai na hana nace sai na tambaya. Abincinta tuwo ne da miya, sai koko in ya rage. Dan Allah Likita me zamu yi, Iya ko barcin kirki bata yi.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Kafin komai Allah ya saka miki da alheri da kika riƙe hannun Iya, wallahi ta yiwu wannan hanawar taki ce tasa magen take numfashi har yau. Ki gaishe min da Iya da kyau, kice mata kada ta ji nauyin damuwar da take yi don nasan ba za a rasa masu cewa wai a kan mage kawai ba. Dabbar da ta shekara goma tana tsare muku gero da dawa tana da haƙƙi a gidan nan, kuma duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle bata ba ta abinci ba bata kuma sake ta ta nema ba.

Bari in fara da abin da malamin ya ji a kunnensa. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma aikinsu tamkar lugude ne. Kinsan in ku biyu kuna daka a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi, babu mai ce wa wata yanzu ne, hannu ne kawai ya san lokacinsa, amma in ɗaya tayi gaggawa ko ta tsaya gyara ɗaurin zani sai taɓare su haɗu tsaba ta watse a ƙasa. Toh a zuciya akwai wani ɗan wuri a ɗakin sama na dama da yake sakin wutar lantarki 'yar mitsitsiya, ita ce mai ba da lokaci, ɗakunan sama su matsa, saƙon ya bi ta wata 'yar mashiga a tsakiya ya sauka ƙasa, ɗakunan ƙasa su ma su matsa su tura jini zuwa huhu da sauran jiki. In wannan tsari ya rikice, ko dai zuciyar ta riƙa gudu fiye da kima har ɗakunan basa samun damar cika kafin su matsa, ko saƙon ya maƙale a mashigar tsakiya zuciyar tayi sanyi ko ta ɗan tsaya, ko kuma wani sashe na naman zuciyar ya riƙa shigo da nasa bugun ba lokacinsa ba, wanda a kunne zaki ji kamar an tsallake ɗaya. Faɗuwar da kuka gani sau biyu ta yi kama da wannan sosai, jini ne ya yanke wa ƙwaƙwalwa na 'yan daƙiƙoƙi, da lugude ya koma daidai sai ta miƙe. Mage mai irin wannan sumar har shure-shure tana iya yi, shi yasa ake ɗauka farfaɗiya ce. Ba iska bace Malama.

Abin da nafi so ki riƙe shi ne, tsallaken nan yawanci alama ce, akwai wani abu a ƙarƙashinsa, kuma shi wannan abin ake nema. Ciwon zuciyar da yafi yawa a kyanwa shi ne kaurin naman zuciya, bangon ɗakin ƙasa na hagu yayi kauri ya ƙi sakewa, wurin da jini zai zauna ya ƙanƙance. Kusan ɗaya cikin kyanwa 7 tana ɗauke da shi, da yawansu kuma har su tsufa ba a ga komai ba. Mage ai mai kwanciyar ɗaukar rai ce, ta iya ɓoye ciwo fiye da duk wata dabbar gida da na sani, akuya in bata da lafiya kowa zai gani a fuskarta amma ita mage ƙara kwanciya kawai zata yi a zaci tsufa ne ko lalaci.

Amma a taku magen akwai abin da ya tsaya min a rai tun da na karanta saƙonki, wato tuwo da koko. Kyanwa ba kamar kare bace, halittarta ta cin nama ce zalla. Akwai wani sinadari da ake kira torin wanda jikin mutum da na kare suke iya haɗa nasu, ita kuwa kyanwa abin da jikinta yake haɗawa baya isarta, dole sai ta samu daga nama, kuma babu shi a gero ko dawa ko masara ko wake. In ta daɗe bata samu ba naman zuciyarta yana saki ya zama kamar tsohuwar roba, ɗakunan su buɗe su kasa matsawa, ido ma yana lalacewa har ta makance. A 1987 ne wani likitan dabbobi mai suna Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka tabbatar da wannan, bayan nan kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara sinadarin a abincinsu, ciwon ya ja baya ƙwarai a can. Mu a karkara abin da yake ceton magenmu shi ne ɓera, ɓera cike yake da torin, shi yasa zaki ga magen da ake ba kanzo da ragowar tuwo tana ƙalau shekara da shekaru, ashe ba tuwon ke riƙe da ita ba, abin da take kamawa a bayan rumbu da daddare ne. Toh ranar da tsufa ko ciwo ya hana ta farauta, tuwon nan ya zama shi kaɗai ne abincinta, daga nan ciwo sai ya hau kan ciwo. Ban ce lallai shi ne asalin matsalar magen Iya ba, sai an duba, amma shi ne abu ɗaya da zaki iya gyarawa yau ba sai kin jira kowa ba, kuma in har shi ne, zuciyar tana iya farfaɗowa cikin makonni zuwa 'yan watanni.

Ga yadda zaki yi. Ranar kasuwa a ce wa mahauci ya yanko zuciyar akuya ko ta rago ko ta saniya, zuciya tana cikin naman da yafi torin kuma bata kai tsoka tsada ba. In an yanka kaza a gida a cire mata zuciya da ƙundu da ɗan naman cinya. Ku da kuke kusa da kogi kifi ma ba zai gagara ba, karfasa ko tarwaɗa, amma a dafa, a cire manyan ƙayoyi, don yawan ɗanyen kifi yana jawo wata matsalar daban. Ki dafa da ruwa kaɗan kuma kar ki zubar da romon, sinadarin yana fita cikin ruwa ne in an tafasa, ki haɗa mata da shi. Ba gishiri, ba Maggi, ba albasa, ba tafarnuwa, ba yaji. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kyanwa, gishiri kuwa yana tara ruwa a jikin mai ciwon zuciya, kenan miyar gida da tsire da kilishi duk sun fita daga lissafi. Hanta kaɗan, sau ɗaya a mako ya isa. Dafaffen ƙwai ba laifi. Kuma kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana yafi a tula mata a kwano lokaci ɗaya, in taƙi ci ki ɗan ɗumama shi ƙamshi ya tashi.

Akwai wasu dalilan da likita zai duba. Tsohuwar mage da take ci kamar me amma tana ramewa, tana yawan shan ruwa da kuka da daddare, ana zargin wani ƙullutu a maƙogwaro da ake kira tayirod, in yayi aiki fiye da kima yana sa zuciya gudu, gwajin jini ke nuna shi kuma yana da magani. Ciwon ƙoda da hawan jini suna zuwa da tsufa. Ƙarancin jini daga ƙuma da tsutsar ciki shi ma yana sa zuciya gudu, ki ɗaga leɓenta ki kalli dasashi, ya kamata ya zama ja-ja mai haske, in kin ganshi fari fat akwai magana. Sai guba, wadda ita ce nafi gani a ƙauyuka, ɓeran da ya ci maganin ɓera, Sniper da piya-piya da ake fesawa a ɗaki a rufe ƙofa alhali magen tana ƙarƙashin gado, ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake, maganin kaskar shanu da ake wanke mage da shi da niyyar kashe mata ƙuma. Ko ruwan tumfafiya da wasu ke ɗigawa a kan miki yana da sinadarin da ke rikita bugun zuciya, kuma mage duk abin da aka shafa mata a jiki sai ta lashe.

Yanzu aikin da nake so ki ɗauka, kuma ke ce zaki iya shi fiye da kowane likita tunda ke kike tare da ita, shi ne ƙirga numfashi. Ki bari sai tayi barci sosai, kar ki taɓa ta, ki zauna nesa kaɗan ki kalli haƙarƙarinta, tashi da sauka ɗaya kenan. Ki duba agogon waya ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. Mage mai lafiya tana barci bata wuce 30 a minti ɗaya. Ki samu tsohon littafin makarantar yara ki riƙa rubutawa kullum da kwanan wata, da ko taci abinci ko bata ci ba, da ranar da ta faɗi. In kinga lambar da take 22 ko 24 ta fara hawa ta zauna a sama da 30 kwana biyu a jere, ruwa ne yake shirin taruwa a huhu, a nemi likita kafin abin ya bayyana. In ta haura 40 tana barci kuma ba zafi ake ba, ranar za a tafi ba gobe ba. Kar ki ƙirga lokacin da take wannan ƙugin na maƙogwaro in ana shafa ta, zai ruɗe ki.

Bugun zuciyar ma zaki iya ji. Ki sa tafin hannu a ƙirjinta ta hagu, daidai bayan gwiwar ƙafar gaba, zaki ji yana taɓa yatsunki tif tif tif da sauri, ki ƙirga na daƙiƙa 15 ki ninka huɗu. Kar saurin ya tsorata ki, zuciyar babban mutum 60 zuwa 100 take yi a minti, ta mage a hannun likita 140 zuwa 220 ce, a gida tana kwance hankali kwance tana iya yin ƙasa da haka. In kin kasa ƙirgawa ba laifi, mu ma da kunne sai mun nutsu, ki dai lura ko yana tafiya daidai ko yana tuntuɓe. In ta sake faɗuwa kuma, kar a kwara mata ruwa, kar a ɗura mata komai a baki, kar a jijjiga ta, a kori yara gefe, wani ya ɗauki bidiyo da waya a duba tsawon lokacin da ta ɗauka. Wannan bidiyon yana da daraja sosai don da wuya ta faɗi a gaban likita.

Gindin randar da ta zaɓa, ku bar mata shi, ta san abin da take yi. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura digiri 40 kuma zafi yana ƙara wa zuciya aiki, a riƙa yayyafa ruwa a ƙasan wurin, a ajiye mata kasko da ruwa mai tsafta a nan da kuma ɗakin Iya don kar sai ta yi tafiya. Da hunturu kuma tsumma a kwali ya isa, amma a nisanta ta da hayaƙin murhu da na maganin sauro. Yara su daina bin ta da gudu ko ɗaga ta ta ciki, kare kar ya shigo inda take, firgita ɗaya tana iya tayar da abin da ya kwanta.

Maganar maganin Iya kuwa, gaskiya ne wasu magungunan zuciya na mutane su ake ba mage, irin su atenolol da diltiazem masu rage gudun zuciya, da Lasix mai fitar da ruwa daga huhu, da clopidogrel mai hana jini daskarewa. Amma duba nan, in zuciyarta irin mai maƙalewar saƙo ce, wadda dama sanyi take yi, kika ba ta mai rage gudu, kin ƙarasa tsayar da ita kenan. Da kunne kaɗai kuma ba kullum ake iya rabe wannan da wancan ba, sai an ɗaura mata wayoyin awon da ake kira ECG an ga zanen bugun a takarda. Ga kuma nauyi, mage kilo 3 ko 4 ce, ƙwayar da aka yi don mai kilo 60 ko 70 ko gutsura aka yi sai ta yi mata yawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Panadol kuma dan girman Allah kar ya kusanci bakinta ko da wane irin ciwo ne, hantar kyanwa bata iya sarrafa parasitamol, ƙwaya ɗaya tana kashe ta, fuska ta kumbura dasashi ya koma ruwan ƙasa. Ibuprofen da sauran magungunan ciwon jiki na kemis suna kashe mata ƙoda. Wannan ki faɗa wa duk gidan har da maƙwabta.

Inda za a kai ta, ku fara da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ku nemi likitan dabbobi cikakke, in da hali a wuce Kano, akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale da kuma na Kundila, in abin yafi ƙarfin nan akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Maigida ya nemi lamba ya kira tukun ya tambaya ko suna yin ECG da sikanin zuciya da gwajin jini ga mage, kar a sha kuɗin mota a banza, nasan halin da ake ciki. Amma yadda za a ɗauke ta shi ne abin da nake roƙonki a kai. Shekarun baya wani yaro ya shigo min da tsakar rana yayi tafiya mai nisa a kan babur, magen kakarsa a cikin buhun shinkafa an ɗaure bakin da igiya an ɗora a kan tankin mai. Da na kwance buhun naga bakinta a buɗe harshe ya yi shuɗi, jikinta zau kamar an ciro ta daga tanda, ban gama zuƙo allura ba ta cika a kan teburin. Yaron nan ya tsaya riƙe da igiyar yana tambayata me zai je ya gaya wa kakarsa, har yau in na tuna sai naji ƙirjina ya yi nauyi, don niyyarsa alheri ce, ba wanda ya taɓa gaya masa. Saboda haka kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huda ta ko'ina, a shimfiɗa tsumman da ke da ƙamshin ɗakin Iya, a fita bayan sallar asuba, a riƙe a cinya, ba a but ɗin mota ba.

Alama biyu ne ba a kwana da su. In kinga ta buɗe baki tana haki kamar kare, ciki yana bugawa, ta ƙi kwanciya ta gefe ta miƙa wuya gaba, mage bata haki haka kawai, kar a matse ta kar a ɗaga ta ta ƙeya, a saka ta a kwando a hankali a tafi. Ta biyun ita ce shanyewar ƙafafun baya farat ɗaya, wadda tambaya ta gaba take magana a kai. Ba zan ɓoye miki ba Malama, in kaurin naman zuciya ne ba a warkar da shi, lallaɓawa ake yi, wata ta yi watanni wata ta yi shekaru tana cin abincinta tana shan hantsi. Ki rubuto min bayan mako biyu da lambobin da kika ƙirga.

TAMBAYA: Salam Likita. Ni manomi ne daga yankin Gaya a jihar Kano. Muzuruna ƙato ne mai ƙarfi shekararsa kamar shida, da daddare lafiya lau yaci abinci, da asuba muka ji yana wani irin kuka da ban taɓa ji ba, na fito na tarar yana jan ƙafafun baya a ƙasa. Mutane sunce wani ne ya buge shi da sanda, wasu sunce jifa aka yi wa gidan ya tare. Mun gasa masa da ruwan zafi mun shafa man zafi, washegari ya mutu. Abin yana damuna, shin da na yi wani abu da ya rayu?

AMSA: Wa'alaikas salam Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Ban ga muzurun ba, amma yadda ka kwatanta yafi kama da gudan jini. In zuciya tana da ciwo ɗakin sama na hagu yana buɗewa, jini ya riƙa jinkiri a ciki har ya daskare, in bugun ma ba daidai yake ba abin ya ƙaru. Wata rana gudan ya ɓalle ya bi babbar jijiyar da ta bi ta ƙarƙashin ƙashin baya, ya je ya toshe daidai inda ta rabu biyu zuwa ƙafafu, jini ya yanke musu gaba ɗaya. Kukan da ka ji na azaba ne, yana cikin ciwo mafi zafi da mage ke gamuwa da shi. Muzurai sun fi mata kamuwa, kuma sau da yawa wannan ce alamar farko da mai shi zai gani, dabbar da jiya take hawa katanga.

Yadda ake rabe shi da duka ko karaya, a taɓa tafin ƙafar baya a gwada da na gaba. In gudan jini ne na bayan zasu yi sanyi ƙalau, launinsu ya koɗe ko yayi shuɗi-shuɗi, naman sharaɓa yayi tauri, in ka sa yatsa a cikin cinya ba zaka ji jijiya tana harbawa ba. Wanda aka buga a baya yawanci ƙafafunsa da ɗuminsu kuma ana samun kumburi ko rauni. Gashi da ruwan zafi baya narkar da gudan, ƙafar da ba jini kuma saurin ƙonewa take yi, man zafi kuwa lashewa zai yi ya zama guba. Abin yi shi ne a lulluɓe shi da zani ya samu ɗumi, a kula da hannu don azaba tana sa ya ciji ko mai shi, a garzaya wurin likita ko don allurar kashe zafin.

Game da tambayarka ta ƙarshe, gaskiya Malam ko a manyan asibitocin dabbobi na Turai da Amurka, in ƙafa biyun ne suka shanye kuma jiki yayi sanyi, waɗanda basa tashi sun fi yawa, waɗanda suka tashi kuma yana yawan dawo musu. Mai ƙafa ɗaya yafi samun sa'a. Ka yi iya abin da ka sani, kar ka ɗora wa kanka, kuma dan Allah kar a zargi maƙwabci a kan wannan.

Tunda muzuru ka ambata bari in ƙara da wani abu saboda masu irinsa. In ka ga muzuru yana ta tsugunno yana nishi fitsari baya fita, ko ɗigo-ɗigo da jini, yana lasar gabansa, mafitsara ce ta toshe. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sinadarin fotashiyam yake taruwa a jini ya sanyaya zuciya har ta tsaya. Wannan kam yana da magani sarai in an kai da wuri, likita zai zura siririyar roba ya buɗe hanyar, amma kar a matsa cikin da hannu a gida, mafitsarar tana iya fashewa.

TAMBAYA: Likita barka da aiki, daga Kazaure nake. An ce magenmu tana da ciwon zuciya, yarana suna kwana da ita, ana ɗauka? Kuma in tayi ciki fa?

AMSA: Barka kadai Hajiya. Ba a ɗauka, ba ta numfashi ba ba ta yawu ba, yara su ci gaba da zama da ita, su dai riƙa wanke hannu kafin cin abinci, a ba ta maganin tsutsa wanda likita ya rubuta, in ba a yi mata allurar haukan kare ba a tambayi likitan ko jikinta zai ɗauka, don mage ma tana kamuwa da shi. Gado dai ana yi tsakaninsu, an tabbatar da haka a wasu jinsunan waje irin su Maine Coon da Ragdoll, don haka in ta taɓa haihuwa ki sa ido a kan 'ya'yan in sun girma. Ciki da shayarwa nauyi ne babba a kan zuciyar da dama lallaɓa ta ake yi, gara a kauce masa. Ana yin aikin cire mahaifa, sai dai allurar barcin da ake yi kafin aikin tana da haɗari ga mai irin wannan ciwo, don haka ki faɗa wa likitan tun kafin ya taɓa ta, shi zai auna ya ga ko zata iya. Kafin nan in ta fara kukan neman muzuru a tsare ta a ɗaki mai iska na 'yan kwanakin, da ruwanta da abincinta da kaskon yashi a lungu, a toshe tagar da raga don muzurai ta nan suke shigowa.